Akwatin da ke Riƙe da Muryar Babana

Na yi shekaru masu yawa ina rakiyar kaya daga bakin teku zuwa gida. Aikina takardu ne da baki. In karɓi kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome, in hau kusa da direba, in yi wa 'yan duwan, wato 'yan kwastan, na kowane shinge magana da harshen da ya fi sanyaya musu rai, Faransanci ko yaren Dendi ko ɗan Yarbancin da na tsinta a kasuwa, har mu sauke a Yamai. A cikin wannan yawo na ga wuraren ajiya iri-iri. Na ga ɗakin takardu a Kwatano inda laimar teku ta manne fayil da fayil, sai an sa wuƙa ake raba su. Na ga littattafan wani malami a Agadas, kowanne an naɗe shi da fata an jera cikin akwatin ƙarfe, kuma duk da haka gara ta sami hanya. Amma ban ga ma'ajin da ya ba ni mamaki kamar wani ɗan akwati baƙi da 'yata ta kawo mana gida a garin Dogon Dutsi ba, bayan na ajiye aiki, ina zaton na gama ganin abin gani.

Bari in fara da abin da aka zuba a cikinsa.

A wata tafiya, tun ina da ƙarfin kwana a kan kaya, na sayo rakoda a Lome. Na kai ta ƙauyenmu, can kan hanyar Sukukutane, inda mota ke nutsewa a rairayi sai an fito an tura. Babana a lokacin ya tsufa, ya daina zuwa gona mai nisa. Na zaunar da shi ƙarƙashin rumfa na ce ya yi magana. Da farko ya ƙi, ya ce shi ba maroƙi ba ne. Da ya fara kuwa, bai tsaya ba sai da kaset uku suka cika. Ya faɗi rijiyoyin garin da waɗanda suka gina su. Ya faɗi iyakar gonakinmu, daga wane gawo zuwa wace tsamiya. Ya faɗi shekarar yunwa da suka ci 'ya'yan itacen anza har baki ya daina jin ɗacinta, da labaran da kakarsa, mutuniyar Lugu, garin masu bautar iskoki, take ba su suna yara. Akwai tarinsa a ciki, da dariyarsa, da wani jaki da ya yi ta katse shi yana zaginsa. Bai daɗe bayan nan ba Allah ya karɓi abinsa. Ba shi da hoto ko ɗaya. Kaset ɗin nan uku su ne abin da ya rage mana nasa.

Autata ba ta riske shi ba. Ita ce ta yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, aikinta haɗa na'urori su riƙa magana da juna a manyan ofisoshi. Wani hutu ta zo ta tarar da ni ina goge kaset ɗin da gefen rigata, ina mayar da su cikin gwangwanin madara inda suke kwana. Ta karɓi ɗaya ta ɗaga shi a haske.

"Baba, kai da ka yi rakiyar kayan mutane har gashinka ya yi fari, naka kayan ka bar wa zafi?"

"Lafiyarsu lau. Ni nake kula da su."

"Yaushe rabonka da ka saurare su?"

Rakodar ta mutu tun tuni, kuma gaskiyar ita ce ina tsoron in sa su in ji ba komai.

Da ta dawo hutu na gaba, sai ga ta da akwatin. Girmansa bai wuce burodi biyu an jingina su da juna ba. A gabansa akwai ƙofofi biyu, kowace da diski a ciki, wato farantin da ake rubuta abin ajiya a kai, da 'yan fitilu biyu kore kamar idon mage. Ta ce duk abin da aka ba shi, yana rubuta shi a diski na farko da na biyu a lokaci guda, don in ɗaya ya lalace ɗayan ya tsaya.

Na ce, "Kamar mutum mai rumbu biyu ke nan."

"Haka ne, Baba. Sai dai kowane dami yana cikin rumbun duka biyu."

"Dami ɗaya ba ya shiga rumbu biyu."

"Wannan yana shiga. Zai ma shiga na uku. Ina da ɗan'uwansa a gidana a Yamai. In na koma, zan riƙa jawo abin da ke cikin wannan ta rezo, layin sadarwar waya ke nan, kaɗan-kaɗan, har a sami duka a can."

Na daɗe ina juya maganar. Ni abin da na sani a rayuwa, in kaya ya isa Yamai, to ya bar Kwatano. Ina da takardar da ke shaida hakan, da hatimi a kai.

Sai batun inda za a ajiye shi. Ɗakina rufin kwano ne, da azahar ko ƙadangare ba ya zama a ciki. Zaure kuwa na kowa ne. Ɗakin maiɗakina, uwar yaran, shi ne mai silin da siminti, shi ya fi sanyi, kuma a bayansa batirin pano yake, wato allon tara hasken rana, wanda ke riƙe mana wuta in kuran, lantarkin gari, ya ɗauke. Auta ta tambaye ta, ta ce, "To." Aka ɗora akwatin a kan ɗan tebur kusa da gadonta.

Na tsaya ina kallon yadda take haɗa shi. Akwai wani ƙaramin akwati fari mai ƙaho biyu, da kati irin na waya a cikinsa, shi ke kamo rezo daga dogon ƙarfen da ke bayan tasha. Ta ce ba za ta yarda su yi magana ta iska ba, don katangar laka tana shanye rezo kamar yadda rairayi ke shanye ruwa. Ta ja waya shuɗiya daga farin zuwa baƙin, ta danna har ta yi ƙas. Sannan ta ce farin akwatin yana da wata ɗabi'a: kowace na'ura ta shigo gida sai ya ba ta lamba, kamar yadda 'yan tasha ke ba motoci lambar layi, gobe kuma ya sake rabo. In aka bar shi haka, ita daga Yamai za ta ƙwanƙwasa ƙofar jiya ta tarar da wani. Don haka ta umarce shi ya ba baƙin akwatin lamba ɗaya, tasa ce har abada. Wannan na gane shi sarai. Na taɓa yin mako guda a tashar Lome ina neman kwantena da aka sauya wa lamba, tana gabana ina wuce ta.

Ta aro rakoda wajen wani mai gyaran rediyo, ta haɗa ta, muka sa kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya, muryar tana shiga akwatin kai tsaye. Na farko da na biyu sun yi magana, amma suna fitowa muka ga sun zubar da wani gari ja a cikin rakodar, kamar ƙasar jigawa. Na uku ya kai ƙarshe da ƙyar, sannan ya naɗe ya tsinke, muka jawo shi kamar hanjin kaza. Auta ta ce ba za su sake magana ba. Ban ji zafi sosai ba a ranar, don ta ce komai ya shiga.

Da la'asar ta gwada mana a tsakar gida. Ta taɓa wayarta, sai ga Babana yana gyaran murya. Na san murya ce da aka ɗauka, ni na ɗauke ta da hannuna. Duk da haka sai da na gyara zama. Maiɗakina tana zaune tana tsinke zogale, hannunta ya tsaya.

"Daga ina yake magana?"

"Daga ɗakinki, Inna. Yana cikin akwatin nan."

Ta ja mayafinta ta rufe kai sosai. Mu kuma ba mu lura ba. Washegari aka kira Auta daga wurin aiki, ta bi motar safe ta tafi.

Bayan kwana uku ta bugo. Ta ce ta tsara jawo kayan ya riƙa tafiya a lokacin da mutane ke barci, don a lokacin rezo ya fi sakewa, amma kullum ta tashi sai ta tarar ko taki ɗaya ba a yi ba. Da rana kuma in ta nemi akwatin, wani lokaci ya amsa, wani lokaci shiru. Muka ɗora laifin a kan rezo, don a garinmu shi ne mai laifin da ba ya musu. Ta sa na fitar da farin akwatin kusa da taga. Ta sa na juya ƙahonninsa, ɗaya sama ɗaya gefe. Ta aiko da sabuwar waya shuɗiya, ko tsohuwar ta karye daga ciki. Na sa aka duba batirin pano, aka ce lafiyarsa lau. Duk lokacin da na leƙa ɗakin da hantsi, fitilun nan biyu suna nan kore, akwatin yana ɗan gurnaninsa, an goge shi tas, har da ɗan kyalle mai ado a ƙarƙashinsa.

Abokan hirata a majalisa kowa ya kawo nasa. Wani tsohon makanike, Kirista, wanda muka yi ƙuruciya tare, ya ce ai na kawo jikan mutanen Lugu na kulle a akwati, dole iskokin gidansu su zo su tambayi dalili. Muka yi dariya. Ni dai dariyar tawa ba ta kai ciki ba. Makonni suna wucewa, kuma muryar tana wuri ɗaya tak a duniya.

Sai Auta ta gano wani abu. Ta ce akwatin yana da littafin da yake rubuta wa kansa, duk abin da ya same shi, da lokacin da ya same shi. Ta karanta littafin daga Yamai. Ni wannan ma kaɗai ya ishe ni abin tunani, na'urar da ke rubuta labarin ciwonta ta ajiye wa likita.

"Baba, ba rezo ba ne. Wuta ake yanke masa. Kullum bayan isha yana mutuwa, ba ya farfaɗowa sai rana ta fito. Sannan bayan azahar ya sake mutuwa na ɗan lokaci. Kuma ba kashe shi ake yi ta maɓalli ba, fizge shi ake yi yana tsakiyar rubutu. Kamar a fizge wa mai rubutu allo ne, kullum sau biyu. Wa ke shiga ɗakin Inna?"

"Ba kowa. Ita kaɗai."

Na ajiye wayar, na dubi labulen ɗakinta.

Kafin in sami yadda zan ɗauko maganar, abin ya riga ni. Da safe na ji wani kuka daga ɗakin, tit, tit, tit, ba ya tsayawa. Na shiga na tarar fitila ɗaya ta koma ruwan goro. Na kira Auta. Muryarta ta sauya. Ta ce diski ɗaya ya mutu, kuma littafin ya nuna ɗayan ma ya jigata, don tare suka sha wahalar. Ta ce laifinta ne, ya kamata a ce ta kwafi muryar a kile, ɗan ma'ajin nan mai girman yatsa, ta sa a jaka kafin ta taho, amma ta amince da aikinta ta yi gaggawa. Na ce ta bar wannan. Ta ce za ta aiko da sabon diski a motar gobe. Kafin nan, kada a kashe akwatin, kada a ɗaga shi, kada a matsar da shi ko da taki. Duk kashewa ɗaya tana iya zama ta ƙarshe.

Ranar ban je majalisa ba. Bayan azahar na ga maiɗakina ta ɗauki kwanon abincinta ta nufi ɗaki, ta saki labule. Na bi ta. Na yi sallama na shiga, abin da ban saba yi da rana ba. Na same ta a durƙushe gaban teburin, takalmanta a bakin ƙofa, faifai a hannun hagu, hannun dama kuma ya kama wayar wuta a jikin bango.

"Kada ki cire!"

Ta saki, ta juyo. Ba ta yi kama da wadda aka kama ba. Ta yi kama da wadda aka shigo wa ba a kan lokaci ba.

"Ashe ke ce?"

"Ni ce mi?"

"Ke kike cire shi."

"To, Malam, mi kake so in yi? Shekara nawa munka zamna da Tsoho gida guda? Ka taɓa ganin na kai loma baki gabanai? Ka taɓa ganin na miƙe ƙafa inda yake, balle in kwanta? Ko ɗankwalina bai taɓa zamewa yana wurin ba. Yanzu kun kawo shi kun aje mini kusa da gado, ido biyu buɗe, kuna so in tuɓe in yi barci?"

"Haba, Hajiya. Murya ce kawai. Baba yana makwancinsa, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Kana zaton ban sani ba? Ni na dafa abincin sadakar ukunai. Na san ba shi ba ne. Amma na zamna da kwano gaban abin nan ranar farko, tuwon ya ƙi wucewa. Kaina ya sani, maƙogwarona bai sani ba."

Ta ce ba wulaƙanta shi take yi ba. In za ta ci abinci ko za ta kwanta, sai ta ce masa a huta lafiya, ta cire wayar a hankali, ta rufe shi da faifai. In ta gama, ta yi wanka ta shirya, sai ta mayar, ta gaishe shi. Ta ga rediyo ma ana kashe ta ta huta, ba ta taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

"Don me ba ki faɗa ba tun ranar da aka kawo shi?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"In ce a fitar da ubanka daga ɗakina? Da wane baki?"

Na zauna a bakin gadon. Na zauna da mutane iri-iri. Na ga inda suruka ke cin abinci kwano ɗaya da uban mijinta suna gardamar siyasa, a Abijan, na kuma ga inda mace ke kiran surukinta da sunansa tsirara. Ban ce nasu ba daidai ba ne. Amma ban taɓa tunanin kunyar gidanmu za ta bi mutum har bayan shekaru masu yawa da binne shi, ta same shi a cikin na'ura, ta durƙusa masa ba. Na zo da faɗa a bakina, na neme shi na rasa.

Na yi mata bayani yadda Auta ta yi mini. Na ce kaset sun mutu, diski ɗaya ya mutu, saura ɗaya, shi ma yana rangaji. In ya tafi, babu inda za a sake jin Baba. Na ce cirewar ce ta jawo. Ban so in faɗi wannan ba, amma ba yadda za a yi ta gane ba tare da shi ba.

Ta daɗe tana kallon fitilar nan mai ruwan goro. Sannan ta ce, "Ni na yi mai wanga ciwo?"

"Ba ki sani ba ne."

"Kwana nawa zai ɗauka ya warke?"

"Auta ta ce in sabon ya zo, sai tsohon ya karanta masa duk abin da ya sani, wannan wuni ne da kwana. Sannan a jawo zuwa Yamai, wannan kuma sai yadda rezo ya yi. Ko mako. Kuma ba a matsar da shi."

Ta miƙe ta ɗauki kwanonta.

"In baƙo ya yi rashin lafiya a ɗakinka, ai ba shi ake tayarwa ba."

Kafin la'asar ta kwashe abin da take bukata: tabarma, gidan sauro, buta, zannuwa uku, carbinta. Ta share ɗakin, ta turara shi, ta fito da baya ta saki labule. Ta koma rumfar da ke jikin madafa. Ƙarshen bazara ne, lokacin da ko ƙasa ba ta hucewa. Na ce ta zo ɗakina, ta ce ɗakina tanda ne, gara rumfa, kuma daga nan tana hangen ƙofar.

Sabon diski ya iso a cikin kwali, an naɗe shi kamar ƙwai. Auta ta kira ni ta bidiyo, na jingina wayar da kofi don ta ga hannuna.

"Ta hagu, Baba. Mai ruwan goro. Kada ka taɓa ta dama."

"Hagunki ko haguna?"

"Wadda yatsanka ke kai. Ita. Danna, za ta buɗe."

Na jawo mataccen, yana da ɗumi kamar abu mai rai. Na tura sabon har ya zauna. Kukan ya tsaya. Fitilun suka fara ƙyaftawa bi da bi, wannan ta yi, wannan ta amsa. Na kai kunnena jikin akwatin. Can ciki akwai wani ɗan ƙas-ƙas mai sauri, kamar yayyafi a kan busasshen kara. Na tuna yadda masu hadda biyu ke zama, ɗaya yana ja ɗaya yana bi, ba a tsallake harafi. Sai dai a nan abin da ake bi har da tarin Babana, har da kukan jakin. Na daɗe a tsugune, ban san ƙafata ta yi sanyi ba.

Wannan ya ƙare lafiya, fitilu suka koma kore. Aka fara jawowa zuwa Yamai. A wayata Auta ta nuna mini wani siririn layi da ke cika a hankali, ta ce in ya kai ƙarshe an gama.

A rana ta uku sai hadarin farko ya taso daga gabas. Bai yi ruwan kirki ba, amma ya tafi da kuran na gari gaba ɗaya, ya kuma bar sama a rufe. Kwana biyu rana ba ta fito sosai ba. Pano ba ya samun abin da zai ba batir, allurar batirin tana sauka ina kallo. Na gaya wa maiɗakina cewa in batir ya ƙare, akwatin zai mutu kamar an fizge shi.

Ta tashi ta zaga gidan. Ta cire firiji, ta raba naman da ke ciki ga maƙwabta. Ta cire fankar ɗakina. Ta cire fitilun tsakar gida, ta fito da tsohuwar acibalbal. Matan unguwa da suka saba kawo wayoyinsu caji in kuran ya ɗauke, ta tare su a zaure ta ce su yi haƙuri, akwai marar lafiya a gidan. Suka ce Allah ya ba shi lafiya, wane ne? Ta ce na wajen Malam ne. Rediyona ma ta ɗauke ta kai rumfa ta zauna kusa da ita. Wayata kaɗai ta yarda a ba wa wuta, ita ma sau ɗaya a wuni, tana tsaye a kaina.

"Hajiya, ko labarai ba zan ji ba?"

"Duniya tana nan inda ka bar ta. Ka yi tazbaha."

Allurar ta sauka har ta kusa taɓa ja. A rana ta biyar, da hantsi, gajimare ya tsage. Na ga hasken ya sauka a kan pano, na ga maiɗakina ta fito daga rumfa ta ɗaga kai tana kallonsa, bakinta yana motsi.

Kwana biyu bayan nan, ina alwalar la'asar, Auta ta bugo. Ta ce in ƙara murya in kira Inna. Muka zauna a bakin rumfa, wayar a kan tabarma tsakaninmu.

"An gama, Baba. Na duba, na sake dubawa. Wannan da za ku ji ba daga ɗakin Inna yake fitowa ba. Daga nan Yamai ne."

Daga nan zuwa Yamai tafiya ce da nake yi wuni guda a kan babbar mota, in hanya ta yi kyau. Ga akwatin can bayan labule da kayansa cif, ba abin da ya ragu, ga kuma Babana yana gyaran murya daga Yamai. Na ce Allahu akbar, ban san na faɗa da ƙarfi ba.

Auta ta ce ta zaɓo wani wuri daga ƙarshen kaset na uku, dab da inda ya tsinke. Ni na manta da shi sam. Aka ji ƙarar kwano ana ajiyewa, da sawun mace tana komawa da sauri. Sai muryata ta ƙuruciya tana cewa, Baba, a ci abinci tukuna. Sai shi kuma, ƙasa-ƙasa, kamar ba ya so rakodar ta ji:

"Wagga ɗiya da ka kawo muna. Shekara huɗu, ban san kalar haƙoranta ba. Amma a jera mini tuwo goma, ina fidda nata. Ka riƙe ta da kyau. In ka ɓata mata, ni da kai ne."

Maiɗakina, mai jikoki sama da goma, ta rufe baki da mayafi, ta miƙe da saurin da ban san tana da shi ba, ta shige madafa. Auta tana ta dariya a waya, dariyar da ke haɗe da kuka.

"Inna! Ina kika tafi? Ki dawo, ai yabonki ake!"

Daga cikin madafa muka ji ta. "Ke, marar kunya! Ke kakanki ne, abokin wasanki, ki aje shi inda kika ga dama. Ni ku ƙyale ni."

Na ce wa Auta yanzu sai a fitar da akwatin a ba tsohuwa ɗakinta. Ta ce yanzu kam ana iya kashe shi ta maɓalli a ɗauke. Za ta aiko da doguwar waya, a bi da ita ta cikin tiyo a binne a tsakar gida saboda awaki, a kai shi ƙaramin ɗakin da ke jikin zaure, in an yi masa silin. Na leƙa madafa na gaya mata, ina zaton za ta yi murna ta kwashe tabarmarta a ranar.

Tana tsaye ta ba ni baya, tana motsa tukunyar da ba ta bukatar motsi.

"Wancan ɗakin da kuke tara buhunan dusa? A yi silin ɗin tukuna. A shafe bangon, a sa ƙofa mai makulli. In na gani da idona ya yi, sannan a kai shi."

Aikin ya ɗauki mako uku. Duk ta yi su a rumfa.